Kyanwar da Jaridu Biyar Suka Gani

Abin alfaharin Kuramochi Tadaomi a duniya guda ɗaya ne, kuma ba ya gajiya da faɗarsa: shekara talatin da takwas yana aikin jarida, ko sau ɗaya bai taɓa faɗuwa shi kaɗai ba. A bakin 'yan jaridar Japan, faɗuwa kai kaɗai shi ne gari ya waye kowace jarida ta fito da labari, taka ce kawai babu shi. Wannan ita ce kunyar da ke sa edita ya wanke mutum tas, ya tura shi ƙauye ya riƙa rubuta labarin gasar kabewa. Kuramochi bai taɓa shigarta ba. Abin da ba ya haɗawa da shi a hirar shi ne, a duk shekarun nan bai taɓa kawo labarin da sauran ba su da shi ba. Haka kuma ba ya zancen wata takarda guda da ke kwance a cikin fayilolinsa, wadda ita kaɗai za ta iya wanke sunan wani mai awara da ya daɗe a ƙasa. Matar mai awarar kuwa tana raye.

Ɗan mai sayar da tikiti ne a wata tashar jirgin ƙasa ta arewa. Tun yana makaranta ba ya ɗaga hannu sai ya ga hannu uku sun riga nasa tashi, malamai kuma suna rubuta masa cewa yaro ne mai haɗin kai. Da wannan yabon ya gama jami'a, da shi ya sami aiki, aka tura shi ɗakin 'yan jarida da ke hawa na biyu a ofishin gwamnan jiha. Can ya shiga da baƙin gashi, can ya fito da sanƙo.

Gwamnati ce ta ba da ɗakin. Ita ke biyan wuta da waya, ita ta sayi doguwar kujerar da ake barcin rana a kanta, ita ke biyan Yoneko, matar da ke dafa musu shayi. Manyan jaridu biyar ke da teburi a ciki, wanda ba ɗan ƙungiyar ɗakin ba kuma iyakarsa bakin ƙofa. A bango akwai akwatuna biyar. Duk takardar da wani sashe ya aiko, Yoneko za ta rubuta sunan kowane wakili da biro a samanta, dab da jan hatimin ofis, ta jefa masa a akwatinsa. Aikin Kuramochi shi ne ya miƙe daga kujera, ya taka taku shida, ya ɗauko gaskiyar ranar.

Idan wani babba ya yi jawabi, da an fito sai su biyar su yi da'ira a baranda, su haɗa kai kamar kaji a kan tsaba, kowa ya karanto abin da ya rubuta, a cike wa wanda ya yi gyangyaɗi. Haɗa littafi suke ce masa. A nan Kuramochi ya yi suna, don rubutunsa ya fi na kowa tsabta, kuma ya iya ƙera jimlar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Sai kuma allo. Idan gwamnati tana son a dakata da labari, za a rubuta kansa a baƙin allon ɗakin da ranar da za a sake shi. Wanda ya karya alkawarin allo, abokansa ne da kansu za su hana shi shiga ɗakin wata da watanni, ya yi ta faɗuwa shi kaɗai har a kore shi.

Saboda haka idan Kuramochi ya ji ana cewa gwamnati na riƙe da linzamin jarida, sai ya yi dariya har da buga cinya. Wa ya taɓa yi masa barazana? Wa ya taɓa ƙwace masa alƙalami? Kuma gaskiyarsa ne, babu. Akuyar da dusa ke iske ta a turke sau uku a rana, ɓata igiya ne a ɗaure ta.

Yana da shekara talatin da biyar, a tsakiyar zafin bazara, yara sittin da wani abu na wata firamare suka kamu da amai da gudawa. Kakakin sashen lafiya ya sauko ya ce ana bincike, amma dai a abincin ranar akwai awara daga shagon Hiruta Sanji. Wani ya tambayi tsabtar shagon.

“To, ba mu je ba tukuna,” in ji kakakin, yana goge wuya da hankici. “Amma kun san irin ƙananan shagunan nan. Wani ma har kyanwa za ka ga tana yawo.”

Duk sun ji shi sarai. A baranda, Ebisawa, wakilin jaridar da ke teburi na kusa, ya sosa kai da biro.

“Kyanwar nan mu sa ta ko mu bar ta? In na bari ku kuka sa, na shiga uku.”

“A sa ta gaba ɗaya, kowa ya huta,” in ji Kuramochi. “Ku rubuta, an ce ana ganin kyanwa a wurin.”

Daga ofishin gwamna zuwa shagon Hiruta tafiyar minti goma sha biyu ce a ƙafa. An ce gani ya kori ji, amma rana ta take, ɗakin kuma akwai fanka. Washegari jaridu biyar suka fito da kyanwa guda.

Shagon tun kakan Sanji yake. Cikin kwana biyu makarantu suka janye, matan unguwa suka koma tsallaka titi in za su wuce. Wani ya zana kyanwa da fenti a ƙofar shagon. Ɗan Sanji in ya fito, yara su bi shi suna kukan mage. Sanji, mutumin da hannunsa ya koɗe saboda wanki, ya sa baƙar kwat ya bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa, yana neman gafarar laifin da shi kansa bai san inda ya yi shi ba.

Bayan mako uku, ranar wata Juma'a da la'asar, kakakin ya sake saukowa, wannan karon sumu-sumu, da takarda shafi ɗaya. An gwada awarar, lafiyarta ƙalau. Tankin ruwan makarantar ne, murfinsa ya fashe, an yi shekara huɗu ba a wanke shi ba. Ya sunkuya har ƙasa ya roƙi alfarma a dakata sai kwamiti ya gama zama. Su biyar suka dubi juna, kowa ya ga sauƙi a fuskar ɗan'uwansa, don wanda zai wanke mai awara sai ya fara bayanin kyanwa. Yoneko ta rubuta a allo, gurbin rana kuma aka bar shi fili. Kwamitin bai taɓa gama zama ba. Da kaka ta shigo aka buƙaci wurin a allon, aka goge. Sauran huɗun suka jefa takardunsu a kwandon shara. Kuramochi shi mutum ne mai tsari, ya huda tasa ya saka a fayil.

A makon da aka kawo takardar tankin ne matar Sanji, Tomie, ta hau har hawa na biyu da rigar aikinta. Ta tsaya a bakin ƙofa, aka tura Kuramochi ya sallame ta.

“Don Allah ɗayanku ya zo ya duba,” ta ce. “Ba mu da kyanwa. Maigidana ko gashinta ya shaƙa sai ya kwana yana atishawa.”

“Mun ji kokenki, Hiruta-san. Ki rubuta shi a takarda, ki ba matar can, za ta raba mana.”

“Nan ne fa, bayan gada. Ko shayinka ba zai huce ba.”

“Ba ma rubuta abin da hukuma ba ta sanar ba,” ya ce, cikin ladabi ƙwarai. Takardar tankin tana kan teburinsa, taku huɗu daga inda take tsaye.

Kafin sanyi aka rufe shagon. Sanji ya koma gadin wurin ajiye motoci, yana ɗaga musu jan sanda, bayan shekara uku ya mutu. Kuramochi bai ji ba, don ba a aiko takarda a kai ba.

Shi kuwa duniya ta yi masa yadda take yi wa irinsa. Ya zama shugaban ƙungiyar ɗakin sau tara, ya ci abincin ban kwana da gwamnoni huɗu, ya yi ritaya da kwalin yabo. Ya cika bango guda na gidansa da fayiloli, shekara bi shekara. Matarsa Sumako tana kiran ɗakin makabarta, ba ta shiga sai da tsintsiya.

Yana da shekara saba'in da ɗaya hukumar gari ta nemi wanda zai koya wa tsofaffi gane labarin ƙarya, tunda jikoki sun sakar musu wayoyi a hannu. Wa ya fi cancanta? Duk Laraba da hantsi Kuramochi-sensei, wato Malam Kuramochi, yana tsaye a zauren unguwa da laƙataye, gaban tsofaffi ashirin waɗanda rabinsu sanyin na'ura ya kawo su. Ya tsani intanet tsana mai tsanani, yana kiranta kasuwar marasa suna. Ƙa'idojinsa biyu ne, yana sa a maimaita kamar 'yan aji ɗaya. Ta farko, labarin da ba a san mai shi ba, a yar. Ta biyu, a duba jaridu da yawa, in sun yi baki ɗaya to gaskiya ce.

“Jarida ɗaya tana iya kuskure,” yake cewa, yana ɗaga yatsu. “Amma biyar? Biyar ba sa haɗuwa a kan ƙarya.”

A Laraba ta shida wata 'yar tsohuwa mai doro, da ke zama a baya ba ta taɓa tankawa ba, ta ɗaga hannu. Bai gane ta ba. Ina zai gane ta, shi da ko ranar bai kalli fuskarta ba.

“Sensei, na zo da aikin gida. Jaridu biyar ne, in an yarda a karanta.”

Ya ji daɗi har ya tafa mata. Ta buɗe wani ƙyalle ta fito da yankakkun jaridu da suka yi ja don tsufa, ta raba wa mutum biyar, ta ce su karanta tare. Suka gyara tabarau suka fara. Muryoyi biyar suka tafi layi ɗaya, suka tsaya numfashi wuri ɗaya, suka isa kan kyanwa a tare. Zauren ya fashe da dariya.

“Ah, wannan ai karatun limaman haikali ne,” in ji wani tsohon direban bas. “Sensei, ku biyar ɗin alƙalami ɗaya kuke karɓa-karɓa?”

“Wannan… wannan shi ne abin da nake faɗa muku,” in ji Kuramochi. “Sun yi baki ɗaya.”

“Sun yi,” in ji tsohuwar. “Ni ce Hiruta Tomie. Har yau ban ga kyanwar ba, sensei. Kai ka gan ta?”

Dariyar ta ɗauke. Tomie ba ta ɗaga murya ba, ta yi bayaninta kamar mai lissafa kayan miya. Ita da Yoneko mai shayi sun kwanta ɗaki ɗaya a asibiti bara, kafin Yoneko ta cika ta gaya mata zancen tanki da allo. Ta je ofishin gwamna, an ce takardun wancan zamani an ƙone su bisa doka. Amma Yoneko ta ce akwai mutum ɗaya da ba ya yar da komai.

“Lahadi mai zuwa ba wannan ba za a yi wa maigidana addu'ar shekara talatin da uku da rasuwa,” ta ce. “Ita ce ta ƙarshe, daga ita ya shiga sahun kakanni, ba a ƙara taruwa don shi. Ina so in karanta takardar nan a gaban dangi kafin a rufe. Ba na neman ka sunkuya mini. Takardar kawai.”

Kuramochi ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa idan tambaya ta zo a karkace. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ga abin da sauran za su yi. Babu sauran. Sai allo da butar shayi.

“Zan bincika,” ya ce. “Sai na tuntuɓi abokan aiki.”

Binciken bai ɗauke shi minti ɗaya ba, don fayilolinsa ba sa ɓatar da komai. Ga ta nan fes, da sunan sashe da kwanan wata da jan hatimi, ga “Kuramochi” da biron Yoneko ya ɗan hau kan hatimin. Ya zauna yana kallon sunan nan, tsoro ya kama shi, irin na da, wanda ke tashinsa da asuba ya bi jaridun abokai yana dubawa. Ba tsoron Tomie yake ba, ba kuma na mamaci ba. Tsoronsa a ce shi kaɗai ne ya karya allo.

Cikin abokan huɗu uku sun mutu. Ya kira Ebisawa a gidan kula da tsofaffi.

“Wane allo kuma?” in ji Ebisawa, yana tauna wani abu. “Kai, Kura, ginin ma an rushe shi, wurin ajiye motoci ne yanzu. Ba tsohuwar takardarta.”

“To in ce mu biyu muka yanke shawara?”

“A'a, a'a. Ni ban ga takarda ba. Ni ka san ba na ajiya. Ka gaida Sumako-san.”

Sumako tana bakin ƙofa da kwandon wanki, ta ji komai.

“Baban yara, gidan matar nan tasha uku ne a bas. Ko sai an rubuto maka a akwati?”

“Ba ki san yadda aikin yake ba.”

“Shekara kusan arba'in ina wanke rigunan aikin, ban taɓa ganin laka a ƙafar wandonka ba. Na san yadda yake.”

Kwana tara yana juya abin, har dabara ta zo masa, ya kuma yi murna da ita kamar wanda ya ci jarrabawa. Zai ba ta takardar, amma ba daga hannunsa ba. Ya ɗauko almakashi da rula. Sunan nasa ya hau hatimi, hatimin yana layi ɗaya da kwanan wata da sunan sashe, shi kuma ba ya son yanka a karkace. Ya ja layi miƙaƙƙe ya cire kan takardar gaba ɗaya. Guntun ya yayyanka shi ƙanana ya saka a jakar shara mai ƙonuwa, ya fitar ranar Juma'a kafin ƙarfe takwas kamar yadda dokar unguwa ta ce. Ranar Asabar da safe ya sa hula da takunkumi, ya hau bas, ya jefa farar ambulan a akwatin wasiƙar Hiruta, ya dawo yana jin kansa jarumi. Har kifi mai tsada ya saya a hanya.

Laraba zauren ya cika, har da waɗanda ba su yi rajista ba. Tomie tana wurinta na baya. Ta bari ya gama gaisuwa, sannan ta taso da sandarta, ta ɗora takardar a kan teburinsa.

“An jefa mini wannan, sensei. Ba suna, ba hatimi, ba rana. Na karanta ta ranar Lahadi a gaban dangi. Ƙanin maigidana ya karɓa ya juya ta, ya ce, yaya, wannan ai ko jikana zai buga miki irinta. Ɗana kuma ya ce in zauna, na isa haka. Aka yi addu'a aka tashi.”

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

“Addu'a ta wuce, ba ta dawowa. Amma ga mutum talatin a nan, 'yan garin nan ne, wasu sun ci awararmu. Kai ne malami. Ka gaya musu, takardar nan gaskiya ce ko ƙarya?”

Kalma ɗaya ake nema. Shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ya ga kan takardar nan da idonsa, kuma duk wanda ke zauren ya san haka, don yankan ya yi kyau da yawa, irin na mai rula. Direban bas ya harɗe hannu yana jira. Kuramochi ya gyara laƙataye, ya dubi dama, ya dubi hagu, idonsa ya sauka a kan ƙa'idojinsa da ke rubuce a allo, ya kama su kamar mai nutsewa.

“Bisa ƙa'ida ta farko,” ya ce, “abin da ba a san mai shi ba… ba za a iya tabbatar da shi ba. Sai a jira sanarwa.”

Ba wanda ya yi dariya. Direban bas ya ɗauki hularsa ya fita, wasu suka bi shi. Tomie ta daɗe tana kallon Kuramochi, kallon da ake yi wa abin da ya lalace a bayan firiji. Sannan ta tura masa takardar da ɗan yatsa ɗaya.

“Riƙe abarka, sensei. Kai ka iya ajiya.”

Ya kuwa riƙe. Da ya koma gida ya sauko da fayil ɗin shekarar, ya mayar da ita tsakanin sanarwar rigakafi da ta gyaran gada, daidai inda ya ciro ta. Sai ya ga ta gaza sauran tsawo da faɗin yatsa biyu, bakin fayil ɗin bai yi daidai ba. Wannan ya dame shi ƙwarai, har ya kasa cin abincin rana.